Ido a Ƙarƙashin Ƙasa: Yadda Aka Fara Leƙa Cikin Magudanan Ƙazanta da Kyamara

  Yau batun da na ɗauko ba shi da ƙanshi, gara in faɗa muku tun daga farko. Za mu shiga cikin kwata ne, mu bi tarihin yadda ɗan Adam ya koyi duba magudanan ƙazanta da ya binne a ƙarƙashin garuruwansa, tun daga lokacin da mutum ke shiga da ƙafarsa riƙe da fitila, har zuwa yau da ake tura kyamara a kan 'yar mota. A ƙarshe kuma zan dawo da maganar gida, don mu ma muna da abin da muka binne muka manta da shi.

Bari mu soma daga nesa. A garin Mohenjo-daro da ke Fakistan ta yau, masu tonon kayan tarihi sun tarar da magudanan ruwa na jan bulo da aka rufe samansu, waɗanda aka gina kusan shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya fi burge ni shi ne, maginan sun bar wuraren da ake ɗaga murfi a leƙa a kwashe datti. Wato tun a wancan zamani an gane cewa duk abin da ka rufe, sai ka bar wa ido ƙofa.

Sai birnin Rum. Suna da wata babbar magudana mai suna Cloaca Maxima, wadda aka soma tun ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Da farko a buɗe take kamar lambatu, daga baya aka rufe ta. A shekara ta 33 kafin Miladiyya, wani babban jami'i mai suna Agrippa ya sa aka yashe magudanan birnin, sannan shi da kansa ya shiga kwale-kwale ya bi ta cikin ramin har ya ɓulla kogin Tiber. Ku dubi wannan fa: babban mutum ne, na hannun daman wanda ya zama sarkin Rum, amma bai tsaya jin rahoton 'yan kwangila ba, ya je ya gani da idonsa. Har yau wani sashe na wannan magudana na nan yana kwararar da ruwa.

To, bayan Rum an daɗe ana binnewa ba a dubawa. A birnin Faris na Faransa, sarakuna daban-daban sun yi ta ƙara ramuka, wannan ya gina nasa, wancan ya gina nasa, har aka wayi gari babu mai cikakken sanin inda suka bi. A 1805, zamanin Napoleon, wani ma'aikacin birnin mai suna Bruneseau ya nemi izini ya shiga ya auna su. Shekara 7 ya yi yana wannan aiki, daga 1805 zuwa 1812, shi da 'yan aikinsa, da fitilu da igiyar awo, cikin laka da ɓeraye da iska mai guba. Aikin ya girgiza mutane har marubuci Victor Hugo ya saka labarinsa cikin littafinsa Les Misérables na 1862. Abin da Bruneseau ya fito da shi shi ne taswira, domin birnin ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

A Landan kuwa, sai da mutuwa ta yi magana. A 1854 cutar amai da gudawa, wato kwalara, ta ɓarke a unguwar Soho, ta kashe mutum sama da 600. A lokacin yawancin masana sun ɗauka wari ne ke kawo cutar. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rashi, ya ga duk sun kewaye famfon rijiya guda a titin Broad Street. Ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai ga shi tsakanin rijiyar da wata tsohuwar shadda bai fi taku ɗaya ba, kuma bangon shaddar ya tsage yana tsiyaya. Ku riƙe wannan labarin, zan dawo kansa idan mun iso Jega.

Bayan shekara 4, a bazarar 1858, zafi ya dafa kogin Thames da ya zama masai ga birnin gaba ɗaya. Wari ya addabi 'yan majalisa a zaurensu da ke bakin kogin. Kun san halin manya, abin da ya daɗe yana damun talaka, ranar da ya shiga hancinsu sai ga doka cikin 'yan makonni. Aka ba injiniya Joseph Bazalgette kuɗi, ya gina manyan magudanan da suka kai mil 82, da ƙanana na cikin unguwanni kimanin mil 1,100, da jan bulo sama da miliyan 300. Mafi yawansu suna aiki har gobe.

Amma ga matsalar da ta biyo baya. Manyan ramuka mutum na iya shiga ya duba. Ƙananan bututu fa, waɗanda ko yaro ba zai iya rarrafe a ciki ba? Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce ta fitila da madubi. Mutum ɗaya ya sauka a wannan rami ya haska fitila, ɗayan ya sauka a rami na gaba ya leƙa da madubi. In ya ga hasken a zagaye kamar cikakken wata, bututun a miƙe yake, babu toshiya. In ya ga rabin wata, to ya lanƙwashe ko laka ta cika shi. In duhu ya gani, ya toshe ko ya rufta. Sai dai dabarar ba ta gaya maka mene ne ya faru, ba ta kuma gaya maka a ina ne, sai ka fasa titi ka yi ta lalube.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu yasar rijiya ya ga yadda ake karkata madubi a jefa hasken rana har ƙasan rijiya don a ga guga ko abin da ya faɗa. Haka kuma tsofaffin maginan rijiya kan zura fitila mai wuta kafin mutum ya sauka, in ta mutu a hanya a ce a dakata, babu iska. Ilimi ne na gaske, kuma iri ɗaya ne da wanda ma'aikatan Landan da Faris suka rayu da shi.

Yaushe kyamara ta fara shiga? A nan sai mu koma Faris. Wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nadar, wanda shi ne ya fara ɗaukar hoto daga sama cikin balan-balan, ya juya ya nufi ƙasa. A tsakanin 1864 da 1865 ya shiga sababbin magudanan da injiniya Belgrand ya gina, da fitilun lantarki masu aiki da manyan batura. Hoto ɗaya kan ɗauki kusan minti 18 kafin ya kama, kuma babu ma'aikacin da zai iya tsayawa cik har tsawon wannan lokaci, don haka sai ya sa wa mutum-mutumi kayan ma'aikata ya kafa su a wurin. Hotunan sun ja hankalin jama'a, har daga 1867 aka fara kai baƙi yawon buɗe ido cikin magudanan Faris. Sai dai Nadar nuna wa duniya yake yi, aikin gano tsaga bai iso ba tukuna.

Wannan ya jira zuwan talabijin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, biranen Jamus sun sha bama-bamai, kuma ƙarƙashinsu ma bai tsira ba. A birnin Kiel da ke bakin teku akwai wani kamfani mai suna IBAK da aka kafa a 1945, wanda ya ƙware wajen haɗa kayan lantarki da ruwa ba ya shigarsu. A 1957 suka fito da kyamarar talabijin ta duba bututun ƙazanta. Ta farkon babba ce mai nauyi, hotonta baƙi da fari, kuma ba ta tafiya da kanta, a kan wani ƙarfe ake ɗaura ta a ja da igiya daga rami zuwa rami. Amma a karon farko mutum ya zauna a sama cikin mota yana kallon cikin bututu a allo.

Yanzu bari in kwatanta muku yadda ake yi a yau. Da farko ana wanke bututun da ruwa mai ƙarfin gaske, don laka na ɓoye tsaga. Sai a zura 'yar mota mai tayoyi, gabanta kyamara mai juyawa sama da ƙasa da gefe, kewaye da fitilu. Tana jan doguwar waya a bayanta, kuma na'ura na ƙirga tsawon wayar da ta shiga. Saboda haka mai aikin zai iya rubuta cewa a mita kaza daga rami kaza akwai tsaga, ko saiwar itace ta kutsa, ko mahaɗar bututu biyu ta goce. In bututun ƙato ne kuma rabinsa ruwa, sai a ɗora kyamarar a kan wani ɗan jirgi mai yawo, a ƙasansa a saka na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta auna kaurin lakar da ido ba ya gani. Akwai kuma hasken leza da ke zana zobe a jikin bango, in zoben ya koma kamar ƙwai an san nauyin ƙasa ya fara danne bututun. A manyan ramuka har ƙananan jirage marasa matuƙi ake turawa, an sa su cikin keji don kada su fashe in sun bugi bango.

Hoto kaɗai bai wadatar ba, sai da aka haɗa shi da harshe guda. A Ingila an fitar da kundin rarraba lahanin magudana a 1980, Amurka ta bi sahu da nata a farkon shekarun 2000. Kowane lahani da lambarsa, kuma ana ba shi maki daga 1 zuwa 5. Mai 1 ƙaramin abu ne, mai 5 kuwa ya rufta ko yana gab da ruftawa. Amfanin wannan shi ne, hukumar da kuɗinta bai da yawa za ta san wanda za ta fara gyarawa. Kuma tun 1971 wani Bature mai suna Eric Wood ya gwada wata dabara a Landan, ta zura riga mai laushi da aka jiƙa da wani irin danƙo cikin tsohon bututu, a hura ta ta manne da bango ta daskare. Sabon bututu ke nan a cikin tsoho ba tare da an fasa titi ba.

Me ake tsoro har ake wannan wahala? Abu biyu. Na farko iskar da ke tashi daga ƙazanta, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa tana kashe jin wari a hanci, mutum ya ɗauka ta wuce, sai kawai ya faɗi. Wannan iskar ce kuma ƙwayoyin halitta ke mayarwa ruwan asid a saman bututu, ya riƙa cin siminti a hankali. Wani masani a Melbourne ta Ostareliya, C. D. Parker, shi ya gano haka a 1945. Na biyu shi ne, in bututu ya tsage, ƙasar da ke kewaye da shi na zurarewa ciki ruwa na tafiya da ita. A sama kwalta lafiya lau, a ƙasa kogo na girma. A birnin Guatemala, cikin Fabrairun 2007, fashewar babbar magudana ta buɗe wani rami mai zurfin gaske a tsakiyar unguwa, ya haɗiye gidaje da mutane. A Mayun 2010, bayan ruwan guguwar Agatha, wani ya sake buɗewa ya haɗiye bene mai hawa 3. A Landan kuma, a Satumbar 2017, masu duba magudana a unguwar Whitechapel suka ci karo da dunƙulen daskararren mai da tsummoki mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250. Da ba a leƙa ba, sai dai a gan shi ranar da ƙazanta ta dawo cikin gidajen mutane.

To, mu dawo gida. A Najeriya, garin da aka tsara tun farko da babbar magudanar ƙazanta ta bai-ɗaya shi ne Abuja, inda bututu ke kai ƙazantar wasu unguwanni zuwa matatar Wupa da aka ƙaddamar a 2007. Kuma ko a can kun sha jin labarin ɓarayin da ke sace murafun ƙarfe na ramukan titi. A sauran garuruwanmu kowane gida da masansa ko sokawensa. Idon da muka sani a tarihi shi ne na dubagari, wanda tun zamanin En'e yake shiga gida-gida yana leƙa randa da masai da kwata. An buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Iyayenmu za su gaya muku yadda ake share gida da gudu in an ji dubagari ya shigo unguwa. Mutane sun ji haushinsu, wani lokaci ma da dalili, amma aikinsu shi ne kallon abin da kowa ke kau da kai daga gare shi.

A Kano akwai misalin da ya fi kusa da abin da muke magana. Jakara, rafin da ya ratsa tsohon birni ta kusa da kasuwar Kurmi, ya daɗe da zama magudanar ruwan datti. A zangon mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara rufe ta da kankare ana shimfiɗa titi a kai, wanda ake kira Wuju-Wuju. Wato abin da Rumawa suka yi da tasu magudana, shi Kano ta kama. Kuma darasin ɗaya ne: daga ranar da ka rufe rafi, ka ɗaukar wa kanka nauyin leƙa shi.

Yanzu Jega. Garin nan da Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa a wajen 1820 ya bunƙasa ne saboda gulbi da kasuwa, kuma har yau mahaɗar hanyoyi ne: ta Sakkwato da ta biyo ta Aliero, ta Birnin Kebbi, da wadda ta gangara ta Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Ba mu da babbar magudanar ƙazanta irin ta Landan. Amma ku ƙirga kwalbatocin da ke ƙarƙashin waɗannan hanyoyi, waɗanda tireloli maƙare da albasa da shinkafa ke takawa dare da rana. Ku ƙirga lambatun cikin gari da masu shaguna suka rufe da silab suka kafa rumfa a kai. Wa ya taɓa leƙa cikinsu tun ranar da ɗan kwangila ya tafi? Ledar fiya-wata da yashi na taruwa a ciki duk rani, ruwan farko na sauka ya rasa hanya, sai ya nemi ta cikin gidajen mutane ko ya rarake gefen titi. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a jihar Kebbi ta fi ƙarfin kwalbati, wannan gaskiya ne. Amma ba kowace ɓarnar damina ce daga gulbi ba. Wata daga toshewar da ke ƙarƙashin ƙafarmu take.

Sannan ga labarin John Snow da na ce ku riƙe. Gidaje nawa ne a unguwanninmu rijiya ke wannan kusurwa, shadda ke waccan, ko kuma shaddar maƙwabci na jingine da katangar da rijiyarka take? Masana lafiya kan ba da shawarar a bar tazarar kusan mita 30 tsakaninsu, amma filin gida na birni bai kai haka ba. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa. Haka kuma muna yawan jin labari mai ciwo daga garuruwan Arewa: wani ya shiga masai ko rijiya don yasa ko ɗauko waya, ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Iskar nan ce da na ambata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ni a ganina ba sai mun jira motar kyamara ta miliyoyin naira ba. Masu haƙa rijiyar burtsatse a ƙasar nan sun riga sun fara amfani da kyamara mai doguwar waya don duba cikin rijiya. Akwai ƙananan kyamarori masu fitila da ake jonawa da wayar hannu. A Aliero muna da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, kuma haɗa 'yar mota mai kyamara da za ta shiga kwalbati aiki ne da ɗaliban injiniya za su iya ɗauka a matsayin aikin kammala karatu. Amma kafin kyamara, akwai aikin Bruneseau da ba mu yi ba: takarda da biro. Kowace ƙaramar hukuma, Jega da Aliero da Maiyama, ta san kwalbati nawa gare ta, ina suke, yaushe aka gina su. A ba kowane lamba. A leƙa su cikin watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, a ba su maki daga 1 zuwa 5, a fara da masu 5. Ma'aikatan duba-gari suna nan a sakatariya, aikinsu ne na gado.

Ku kuma masu gida, roƙona biyu ne. Kada ku bar kowa ya sauka masai ko tsohuwar rijiya don wayar hannu ko guga, kuma in dole sai an sauka, a buɗe a bar iska ta shiga, a ɗaura wa mutum igiya, wasu na riƙe da ita a sama. In wani ya faɗi a ciki, kada a bi shi haka nan, a kira 'yan kwana-kwana. Sannan in za ku rufe lambatun ƙofar gida, ku bar murfin da za a iya ɗagawa, kamar yadda mutanen Mohenjo-daro suka yi shekara 4,500 da suka wuce.

A nan zan dakata. A shiri na gaba in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko tarihin dubagari shi kaɗai, daga zamanin En'e zuwa yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya da annoba.